Inna Dakata, Mai Zargin Man da Take Sayarwa

Kafin masu babura su fara fitowa, kafin mai shayin tsallaken titi ya hura wutarsa, Inna Dakata ta riga ta iso gidan mai. Haka take tun tana da ƙuruciyarta har zuwa makon jiya da ta ajiye aiki. In ta iso ba famfo take fara nufa ba. Bayan ofis take zagayawa, inda murafen rijiyoyin mai suke, ta durƙusa ta kama kwaɗon da ita da kanta ta kulle jiya da yamma, ta jijjiga shi, ta sake jijjigawa, kamar tana jiran ya yi mata ƙarya. Sai ta ɗauko doguwar sandar awo, ta shafa wa bakinta wani abu mai kama da man goge haƙori, wanda ke sauya launi in ya taɓa ruwa, ta zura har ƙasa, ta zaro, ta ƙura masa ido. Daga nan ta koma famfo, ta tsiyayi man farko a farar kwalba, ta ɗaga ta saitin haske, ta kaɗa, ta kai hanci. Duk wannan tana yi ne masu babura na tsaye a layi, hannuwa cikin hammata, tururi na fita daga bakunansu.

"Inna, don Allah a zuba mana, sanyi zai kashe mu!"

"Dakata."

Daga nan sunan ya samo asali. Wasu daga cikin masu shan mai a wurinta sun girma sun yi iyali ba su taɓa jin wani suna nata ba sai wannan.

Ba zan ce mace ce mai fara'a ba, don masu karatu da suka san ta za su ƙaryata ni. Inna Dakata ba ta yarda da kowa. In direban tanka ya gaishe ta da fara'a fiye da kullum, ranar sai ta hau saman motar da kanta ta duba kowane murfi. In maigidanta, wato mai gidan man, ya ce ta tafi gida da wuri ta huta, sai ta ja kujera ta zauna har a rufe. Akwai wata kanta a ofis da ta jera wa kwalabe, don duk tankar da ta sauke mai sai ta ɗebi kaɗan ta toshe ta ajiye. Maigidan ya sha cewa ta mayar masa da ofis kamar shagon mai magani. Ko bakaniken da ke gyaran babura a gefen katangar gidan man, wanda suka shekara da shekaru suna gaisawa, in ya ari mazurari sai ta bi shi da ido har ya dawo da shi, sannan ta shinshina.

Amma zarginta ya fi tashi a lokacin sanyi, kuma tana da hujjarta. Ta sha gaya wa masu babura, cikin faɗa-faɗa, cewa lokacin zafi injin babur makwaɗaici ne, duk abin da aka ba shi haɗiyewa yake. In sanyi ya sauka kuwa sai ya zama tsoho mai tsirfa. Baƙin mai ya yi kauri, batir ya yi lagwani, fetur ɗin kansa ba ya saurin kamawa, ga tankin da aka bari rabi ya kwana yana gumi ta ciki, ruwan ya gangara ƙasa ya kwanta. A irin wannan safiyar, ko mai lafiyayye sai an ja cok, ɗan marfin nan da ke taimaka wa inji ya kama da sanyi, an lallaɓa. In kuwa an gauraya shi da wani abu, to babur ba zai rufa wa kowa asiri ba.

"Ku cika tanki da yamma," haka take ce musu. "Da safe ku bar shi ya ɗumama kafin ku murɗa masa wuya. Kai da kanka in an tashe ka daga barci aka ce ka yi gudu, ai tari za ka yi."

Su yi dariya, su ce Inna dai so take su cika tanki don ta yi ciniki. Ita ma ta san haka suke faɗa. Ba ta yarda da su ba, su ma ba su gama yarda da ita ba, a haka aka zauna lafiya shekara da shekaru.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a wata shekara da aka yi sanyi mai shiga ƙashi. Ban gani duka da idona ba, amma bakanike ya gani, mai shayi ya gani, kuma waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Inna Dakata tana da ƙane, autan ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, ita ta goya shi, ita ta yi masa wanki, ita ta kai shi wurin koyon tuƙi. Auta take kiransa ko da furfura ta fara fito masa. Ya zama direban tankar mai, kuma cikin gidajen da yake kai wa har da nata. In ya zo ba ta ɗaga masa ƙafa, tana hawa motarsa kamar ta kowa, shi kuma yana tsaye a ƙasa yana tsokanarta.

"Yaya, ni ma? Ni da kika yi wa wanka?"

"Don na yi maka wanka ne na san ba ka son ruwa ya taɓa bayan kunnenka. Buɗe wancan."

A wannan karon ya iso da rana tsaka, ita kuma mura ta kama ta, hancinta a toshe, idanunta na ruwa. Ta hau, ta duba murafe, ta ga komai a ɗaure. Ta zura sanda, babu ruwa. Ta ɗebi mai a kwalba, launinsa bai nuna komai ba. Ta kai hanci, ba ta ji komai ba, ko warin fetur ɗin kansa. Ta ɗan yi jim da kwalbar a hannu. Auta ya ce yana da wani gidan man da zai kai wa kafin yamma. Ta ce a sauke.

Washegari babura suka fara gardama. Da farko kowa ya ɗora wa sanyi. Sai a ga mutum ya buga kik har ya cire rigar sanyinsa, babur ya yi tari ya mutu. Wanda ya samu nasa ya tashi, da ya saki cok sai ya shaƙe. Amma da rana ta ɗaga, inji ya yi zafi, sai komai ya daidaita, mutum ya manta. Kashegari da safe a sake sabon lale. Gefen katanga ya cika da babura, bakanike ya rasa inda zai sa ƙafa. Ya canza wa wannan fulogi, ya wanke wa wancan kafireto, gobe su dawo da irin ciwon jiya. Nan zargi ya fara sauka a kansa. Aka ce da gangan yake gyara rabi don a dawo. Aka ce jabun fulogi yake saka musu. Wani har ya ce ya gan shi yana murmushi da safe, wai me ya ba shi dariya in ba cinikin da ya buɗe masa ba?

Inna Dakata tana kallon duk wannan daga bakin famfo. Ita ma ta zargi bakaniken. Ta zargi masu sayar da mai a kwalabe a bakin hanya, don ta san da yawa cikin masu baburan nan suna sha a can in layi ya yi tsawo. Ta zargi maigidanta, har ta sake duba kwaɗon rijiya ko an taɓa. Ta zura sanda safe da yamma, babu ruwa. Akwai wuri ɗaya da tunaninta ke zuwa ya tsaya, ya juyo. Ta san wurin, tankar Auta ce. Sai ta ce wa kanta ai ta duba, komai a ɗaure yake.

Sai aka wayi gari da labarin Gajere. Gajere mai haya da babur ne, mutum mai iyali, mai tsafta da abin hawansa kamar amarya da ɗakinta. Ya fito da sassafe, ya zo tsallake babbar mararraba, ya murɗa totur don ya wuce kafin wata motar kaya ta iso, babur ya shaƙe a tsakiyar titi. Direban ya taka birki iya ƙarfinsa, amma sai da ya taɓa shi. Allah ya tsare ransa, ƙafa ta karye.

Bakanike ne ya je ya turo baburin. Ya kwance shi shi kaɗai, ya daɗe a kansa, sannan ya goge hannu ya tako har bakin famfo. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa mata fulogin, baƙi ƙirin, jiƙe, yana maiƙo.

"Inna, wannan ni na saka shi, sabo fil, kuma na san inda na saye shi. Kwana nawa ana zagina ban tanka ba, don waɗancan suna shan mai ko'ina, ba ni da bakin magana. Amma Gajere ba ya shan mai a wurin kowa sai wurinki. Ke ma kin sani."

Ta juya fulogin a hannunta. Ta dube shi, ta dubi layin da ke jiranta. Wani saurayi ya riga ya buɗe murfin tankinsa. Ta mayar da tiyo mazauninsa, ta ɗauko kwaɗo ta datse famfon, ta jefa makullin cikin aljihun rigarta.

Wurin ya kaure. Wanda bai san me ake ciki ba ya ce ɓoye mai za a yi, an ji labarin za a ƙara kuɗi. Wani ya ce dama ya daɗe yana lura, mitarta tana gudu fiye da ta kowa. Wani ya ce duk wannan ɗage-ɗagen kwalba da take yi kullum wasan kwaikwayo ne, don a ce ita mai gaskiya ce. Mai shayi ya ce mini bai taɓa ganin an zagi babbar mace haka ba, kuma bai taɓa ganin wadda aka zaga ta yi shiru haka ba. Abu ɗaya kawai ta faɗa.

"Ban yarda da man nan ba. Ba zan zuba wa kowa ba sai na san abin da ke ciki."

Maigidan ya iso a fusace. Suka shiga ofis. Ta yago farar takarda, ta ɗiga man a kai, suka zuba ido. Fetur na gaskiya yakan bushe ya tafi bai bar komai ba. Wannan ya bushe, amma ya bar wani ɗan zagaye mai maiƙo, wanda sai an ɗaga takardar ake ganinsa. Maigidan ya ce sanyi ne ya hana shi bushewa, ko kuma hannunta ne da maiƙo. Ita ma ba ta gamsu ba, don ba ta son ta kama sunan mutum da hujjar da ita kanta take kokwanto. Ta ce a bar famfon a rufe har gobe da safe, sanyin da ya tona maganar shi zai ƙarasa ta.

Da gari ya waye, tun raɓa na kan sirdi, bakanike ya turo nasa baburin, wanda ya tsiyaye ƙaf ya saka wa sabon fulogi ya bar shi ya kwana a waje. Masu babura sun taru, wasu don su gani, wasu don su ji daɗin kunyar da za ta sha. Inna Dakata ta fito da kwalabe biyu daga kantar nan ta ofis, ɗaya ta man da Auta ya kawo, ɗaya ta man da aka sauke kafin nasa. Aka fara da na Auta. Bakanike ya ja cok ya buga, ya buga, ya buga har jijiyar wuyansa ta fito. Can babur ya kama da ƙyar, yana karkarwa, ya tuttuɗo wani farin hayaƙi mai kauri, ya mutu. Hayaƙin ya bi ta kan mutane. Wani dattijo daga baya ya toshe hanci ya ce, "Kai, wannan ai warin fitila ne." Kowa ya ji, har ita, don murar ta fara sakinta. Kalanzir ne.

Aka tsiyaye, aka goge fulogi, aka zuba na tsohuwar kwalba. Bai wahalar da kowa ba, ya tashi ya zauna daram, yana ƙara lafiya lau.

Da a tatsuniya ne, da nan za a tafa mata. Ba wanda ya tafa. Masu babura suka dubi juna, sannan suka dube ta, kuma kallon ya fi na jiya muni. Maigidan ya ja ta gefe, ya faɗi abin da kowa ke tunani.

"Ƙanenki ya kawo, ke kika karɓa. Ke da ko ƙuda ba ya wuce ki, ranar ce kawai hancinki ya toshe? Me kike so in ɗauka?"

Ita ma ta yi wa kanta wannan tambayar. Ya sassauta murya ya ce abin bai kai a tara jama'a ba. Za a kawo mai kyau a zuba a kai ya narke a ciki, a riƙa sayarwa da rana in gari ya yi ɗumi, ba wanda zai gane. Ita ta tsira, ƙanenta ya tsira, gidan mai ya tsira. Ya miƙa hannu ta ba shi makulli.

"Wanda ya sha da rana, da shi zai kwana," in ji ta. "Da safe kuma da shi zai tsallake mararraba. Gidan manka ne, ranka ya daɗe, kana iya fasa kwaɗon. Amma ba da makullin da ke aljihuna ba, kuma in an tambaye ni zan faɗa."

Ta ɗauki mayafinta ta tafi filin da tankoki ke tsayawa. Ta tarar da Auta a gindin motarsa yana wanke gilashi. Da ya hango ta ya yi murmushi, da ya ga tafiyarta murmushin ya ɗauke.

"Yaya, lafiya?"

"Me motar nan ta ɗauka kafin ta ɗauko mana fetur?"

Ya ce shi direba ne, ba shi ke lodi ba. Ya ce ta duba da kanta, komai a ɗaure yake. Ya ce wallahi bai tsaya a hanya ba, bai buɗe wa kowa murfi ba, in tana so ya rantse da duk abin da ta zaɓa.

"Ban tambaye ka ko ka tsaya a hanya ba, Auta. Me ta ɗauka?"

Ya matse tsumman da ke hannunsa har ruwa ya zuba a kan takalminsa. Sannan ya faɗa. Kalanzir ta ɗauka. Inda ya kai ba su iya karɓe duka ba, sauran ya kwanta a ciki, ba kaɗan ba. Ka'ida ita ce ya faɗa a tsiyaye a wanke, amma hakan na nufin ya rasa layinsa na lodi, ya kwana yana jira, mai motar kuma ya ce shi malalaci ne. Sai ya yi shiru aka ɗura fetur a kai.

"Ba sata na yi ba, Yaya. Ban ci ko kwabo a ciki ba. Kuma ai ba ya yin komai, ba yau aka fara ba."

Bai san ya faɗi wannan ta ƙarshen ba sai da ta fita. Ta dube shi.

"Ba yau aka fara ba. A wurina?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da zafi ne," ya ce a hankali. "Kuma bai kai wannan yawa ba. Ba wanda ya yi ƙorafi."

Bakanike ya ce mini daga baya ta gaya masa cewa a duk abin da ya faru, wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ashe akwai ranakun da ta ɗaga kwalba, ta shinshina, ta ce lafiya lau, ta zuba wa mutane da hannunta, shi kuma yana tsaye a ƙasa yana yi mata wasa.

Ta gaya masa Gajere na kwance da karyayyar ƙafa. Ta ce ya zo gidan mai da kansa kafin la'asar ya faɗa da bakinsa, ita za ta tsaya a gefensa, duk abin da za a yi masa a yi musu tare. In bai zo ba, ita za ta faɗa.

"Za ki iya? Ni?"

"Ka zo, Auta."

Bai zo ba. Ta jira har inuwar rumfar famfo ta kai bakin titi, tana duban kowace mota da ta karyo kwana. Sannan ta tsaya a gaban masu babura da maigidanta ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta ce ƙanenta ne. Ta ce ita ta karɓa, kuma ranar ba ta ji wari ba amma ta ce a sauke, wanda da wani direba ne wataƙila da ta sa shi jira ta kira mai lafiyayyen hanci. Ta ce duk wanda ya sha mai a wurinta tun ranar ya kawo baburinsa a tsiyaye.

Inna, ke ce kika tsaya a wurin nan, a gaban mutanen da suka zage ki jiya, kika kama sunan yaron da kika goya. Ke ce kika haɗa da naki laifin alhali ba wanda zai iya tabbatar da shi. Mun ga masu tsanani da yawa, amma yawancinsu tsananinsu a kan 'ya'yan wasu yake ƙarewa.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Aka zuƙe rijiyar, aka wanke, gidan mai ya yi kwanaki a rufe, maigidan ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta da kyau. Bai kore ta ba, wasu sun ce don kunya, wasu sun ce don ya lura masu babura sun fara cewa in ba ita ba su ba gidan. Auta ya rasa motarsa, kuma labari ya riga shi zuwa duk inda ya nemi wata. Gwaggonsu, ƙanwar mahaifinsu, ta zo har gida ta zauna a bakin gado ta ƙi shan ruwa.

"Da uwarku na raye, da kin yi haka? Ba ki iya jan kunnensa a ɗaki ba, sai a titi? Yanzu 'ya'yansa me za su ci, gaskiyarki?"

Inna Dakata ba ta yi musu da ita ba. Ta ce, "Gwaggo, shi ma mai karyayyar ƙafar yana da 'ya'ya." Gwaggo ta tashi ta fita. Aka daina kiranta sha'anin dangi. Ta riƙa aika wa gidan Auta abin da ta samu ta hannun maƙwabciya, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a dawo da shi.

Ta je duba Gajere. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta gan ta, ta koma ciki ba ta ce ta shigo ba. Shi ne ya ɗago murya daga ɗaki ya ce a bar ta. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar da aka ɗaure, ta ce ta zo ne ya faɗa mata duk abin da ke ransa. Ya juyo ya dube ta.

"Inna, na yi ta tsine miki a zuciyata, ba zan ɓoye ba. Amma da kin yi shiru, da har yau ina zargin bakanike, ko in zargi kaina. In na warke a wurinki zan sha mai. Ba don na huce ba. Don yanzu na san in ya lalace za ki faɗa."

Ya warke, da ɗan ɗingishi, kuma ya cika maganarsa.

Auta kuwa ya sha wuya kafin ya samu babur na haya. Ya zama ɗaya daga cikin masu fita da sassafe, masu buga kik cikin sanyi. Shekaru yana wucewa ta gaban gidan man ya kau da kai, ya je can nesa ya sha. Sai wata safiya, a wani sanyin, aka gan shi yana turo babur a ƙasa, gumi na zuba, ya sha mai a wani wuri an cuce shi. Bakanike ya tsiyaye masa. Auta ya tsaya yana duban tankinsa da ba ko ɗigo, ya dubi titi, sannan ya tura ya shiga layin yayarsa. Da aka zo kansa ta dube shi, ya dube ta. Ta buɗe murfin tankinsa, ta sunkuya ta shinshina, ta ce wa bakanike akwai saura, a sake tsiyayewa. Ya koma, aka sake, ya dawo ƙarshen layi. Da ta zuba masa ta rufe, sai ta ce, "Ka bar shi ya ɗumama." Ya ce, "To, Yaya." Iyakar abin da aka ji ke nan. Bai ba ta haƙuri a gaban mutane ba, ita ma ba ta nema ba. Amma tun ranar ba ya shan mai a wani wuri, kuma 'ya'yansa sun koma zuwa gidanta.

Makon jiya gwiwoyinta suka ce sun gaji da durƙuso a bakin rijiya. Masu babura suka haɗu suka sayo mata bargo mai kauri, Gajere ya miƙa mata a madadinsu. Ta karɓa, ta warware shi, ta duba gefe da gefe, ta ja zaren bakinsa ta gani ko zai zare, sannan ta tambayi a wane shago aka saya. Wurin ya fashe da dariya, har maigidan. Ita ba ta yi ba, amma ta rungume bargon ba ta ajiye ba har ta tafi. Da na same ta na ce ina so in rubuta labarinta mutane su karanta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa ya aiko ka?"

Ba wanda ya aiko ni, Inna. Ni ma ina cikin masu tsayawa a layinki suna ƙunƙuni. Mun gode. Mun gode da safiyoyin da muka tsallake titi lafiya ba mu san akwai wadda ta durƙusa cikin sanyi saboda mu ba. Allah ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya sa ki ji ɗumin abin da kika yi.

Ku kuma da ke riƙe da tiyo a yau, da ku masu tuƙa tanka, da duk wanda wani abu ke bi ta hannunsa kafin ya isa ga mutane, ba na ce ku zama masu ɗaure fuska kamarta ba. Amma ku duba. In kun duba kun ga ba daidai ba, ku rufe, ku faɗa, ko da mai laifin a ɗakinku ya girma. Wanda zai hau baburin nan gobe da safe bai san ku ba, bai ga abin da kuka gani ba, kuma akwai masu jiransa a gida.